Faci 15 daga Hartum zuwa Mai Wurno

Mu huɗu muka tashi, kowa da kekensa, kowa kuma da ƙasarsa. Ni Bakano ne. Akwai Badamagare ɗan birnin Zinder, akwai ɗan zangon Kumasi, sai na huɗunmu ɗan gida, haifaffen Mai Wurno da ke bakin kogi kudu da Sinnar a Sudan. Jami'ar Afirka ta Hartum ce ta tara mu, Hausa kuma ta ƙulla mu, domin tun makonmu na farko a masaukin ɗalibai muka gane cewa duk inda Larabci ya ƙare mana, akwai harshen da za mu faɗa ciki mu huta.

Da aka ba da hutu cikin sanyin Janairu, ɗan Mai Wurno ya ce mu zo mu ga garinsu. Mota tana kai mutum a yini ɗaya har da saura. Badamagare ne ya ce in dai ƙasa ake son gani, ba ta tagar mota ake ganinta ba, mu hau keke. Daga Hartum zuwa Wad Madani kusan kilomita 190 ne, daga Madani zuwa Sinnar 100 da ɗoriya, daga nan kuma ɗan taƙi ne zuwa Mai Wurno. Muka raba tafiyar kwana 4. Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwa shi ne iska. A wannan lokaci na shekara daga arewa take kaɗawa, mu kuwa kudu muka nufa, saboda haka tana bayanmu tana turo mu, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai.

Nawa keken baƙin Phoenix ne mai kariya a baya da birkin sanda, na hannu na saye shi a kasuwa. Na ɗan Mai Wurno tsohon Raleigh ne na kawunsa, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a Atbara, garin da keke ya zama ƙafar mutane. Ina ganinsa na tuna gida, don Raleigh ta taɓa kafa masana'anta a Kano, kuma ba unguwar da ba a san wannan keke ba. Ɗan Kumasi ya samo mai kaurin taya da giya barkatai. Badamagare kuwa aro ya yi, siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda faɗin tayarsa bai kai yatsa biyu ba. Famfo ɗaya muka ɗauka, da gwangwanin sholisho, da samfefa, da tsohon tiyub na yanka faci, da cokula biyu na ɓamɓare taya.

Titin Hartum zuwa Madani siriri ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa, har mutanen ƙasar da kansu suna kiransa titin mutuwa saboda yawan haɗari. Manyan motoci masu zuwa Gadarif da Kasala da iyakar Habasha ba sa kauce wa mai keke. Kana jin ƙaho a bayanka, kai ne za ka sauka daga kan kwalta. To, a nan gefen titin ne maganin mai keke yake kwance. Tsidau ne, wanda suke kira diresa. Duk wanda ya yi yawo ba takalmi a ƙauye ya san shi. Ɗansa in ya bushe yakan rabe gida biyar, kowane ɓari da ƙayoyi masu tauri, kuma duk yadda ya faɗi ƙasa sai ɗaya ta kalli sama. Ba a yi wa tayar keke abokin gaba kamarsa ba.

Mun wuce Soba, kafin mu kai Bagir, wata tirela ta kore mu gefe. Muna komawa kan kwalta sai muka ji "tsss" daga tayar bayan Badamagare. Ɗan Kumasi bai ko tsaya ba ya ɗaga hannu sama ya yi ihu, "An zura wa Nijar ɗaya!"

"Ƙayar Sudan ce," in ji Badamagare, yana kifa keken a kan sirdi. "Ku tambayi mai ƙasa."

"Ya zol, ƙayarmu ba ta bin baƙo gida," ɗan Mai Wurno ya ce. "Sai wanda ya taka ta."

A nan gasar ta samo asali. Ni ke da littafi a aljihu, sai na ja layi huɗu, na rubuta Najeriya, Nijar, Ghana, Sudan. Dokar guda ce: duk ƙofar da ta buɗe a tiyub ɗin mutum, an ci ƙasarsa ƙwallo ɗaya. Ƙasar da aka fi ci ranar da muka isa Mai Wurno, ɗanta ne zai saya wa kowa agashe. Agashe shi ne tsirenmu da ya yi ƙaura, nama a yanyana shi siriri, a barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji a jera shi kewaye da garwashi. Hausawa suka kai shi Sudan, sunansa ma bai ɓoye asalinsa ba.

Wanda bai taɓa doguwar tafiya a keke ba ba zai gane amfanin wannan wasa ba. Faci abu ne mai karya zuciya. Ka samu tafiya ta miƙe, jini ya ɗumama, sai a ce tsaya, sauke kaya, kwance taya, a rana, ƙura na shiga ido. Sau biyu ko uku a yini ya isa ya sa abokai su fara hararar juna. Amma da muka mayar da abin ƙwallo, kowace tsayawa ta zama dandali. Mai faci yana durƙushe yana aiki, sauran suna tsaye a kansa suna karanto masa tarihin ƙasarsa, shi kuma yana ramawa ba tare da ya ɗago kai ba.

Kowa da makaminsa. Ni nawa kofin Afirka uku ne, 1980 da 1994 da 2013. Ɗan Kumasi ya ce nasu huɗu, ya lissafo 1963 da 1965 da 1978 da 1982, ni kuma na tuna masa cewa ba ɗaya daga cikinmu da aka haifa lokacin na ƙarshen. Mun ɗauka Badamagare ba shi da ta cewa, ashe ya fi kowa shiri. Ya ce mu tuna gasar 'yan wasan cikin gida da aka yi a nan Sudan a 2011. Wa ya hana Najeriya zuwa? Nijar. Da aka zo, wa ya ci Ghana? Nijar. Sai ɗan Mai Wurno ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce cikin sanyin murya, "Wa ya fitar da Nijar a bugun fenariti?" Muka fashe da dariya har mai tsaron wata rumfa ya leƙo. Daga nan ya ɗora: a Hartum aka buga kofin Afirka na farko a 1957, Sudan na cikin waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon nahiyar, a 1970 ta ɗauki kofin bayan ta ci Ghana ɗaya da nema a wasan ƙarshe. Ya juyo kaina ya ce a Oktoban 2014 ma, Najeriya tana riƙe da kofi, ta zo Hartum ta sha ɗaya da nema. Wannan ba ni da musu a kai, tare muka kalli wasan.

Na lura da yadda fuskarsa take haske in yana faɗin "mu" game da Sudan. Na lura, amma ban fahimta ba sai washegari.

Ranar farko a Kamlin muka kwana, Nijar 2, Ghana 1, Najeriya 1, Sudan ba ko ɗaya. Abin da ba zan manta ba a wannan hanya shi ne randuna. Duk ɗan nisa sai ka tarar da su jere a inuwa, biyu ko uku, da moɗa a ɗaure, wani ya cika su don matafiyin da ba zai taɓa sanin sunansa ba. Da yamma muka zauna wurin wata mai shayi a gindin bishiya, ta kawo mana gahawa mai citta a 'yar butar ƙasa da suke kira jabana. Tana jin muna gardama da Hausa sai ta ajiye mafici ta ce, "Yarana, daga ina?" Muka ce Kano, Zinder, Kumasi. Ta jinjina kai ta ce ita nan aka haife ta, amma kakarta ba ta bar zancen kasuwar Kurmi ba har ta rasu. Ta ƙi karɓar kuɗin zagaye na biyu.

Rana ta biyu muka gaji da ƙahon tirela, muka bar kwalta muka bi gefen wata babbar hanyar ruwa. Nan ne Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, inda Turawan Ingila suka kafa gagarumin aikin noman rani don auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Girmansa ya haura faddan miliyan 2 (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne), kuma ruwan ba inji ke tura shi ba, gangarawa yake da kansa daga babbar hanya zuwa ƙarama har ya isa gona. Ƙasar baƙar laka ce mai tsagewa in ta bushe. Alkama ta yi kore shar, auduga ta fara buɗe baki. A bakin gonaki kana hango ƙananan matsugunai da suke kira kambo, na 'yan ƙwadago, kuma da yawansu jikokin mutanenmu ne da suka taso aikin hajji a ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, suka tsaya tsinkar auduga don su tara guzuri, shekara ta zama goma, goma ta zama zama.

Wurin ya yi kyau, sai dai mun guje wa tsidau mun faɗa hannun wanda ya fi shi. Gefen ruwan duk wata bishiya ce mai ƙaya da suke kira miskit, baƙuwa ce da aka shigo da ita don tare hamada, ta zo ta mamaye gonaki da magudanai. An sassare ta an bar rassan a hanya. Cikin abin da bai fi sa'a ɗaya ba na yi faci biyu, Badamagare ya yi ɗaya, sannan tsohon Raleigh ya hau wani reshe da ƙura ta rufe, gaba da baya duka suka kwanta a lokaci guda.

Muka yi ta sowa, don tun jiya muke jiran a ci Sudan. Ya sauka yana murmushi, ya fara kwance tayar gaba. Ni kuma na zaro littafi, na ce:

"Ɗan'uwa, kawo in ɗauke maka nauyi. Ai kai namu ne. Kakanka daga ƙasar Sakkwato ya taso, takarda ce kawai ta raba mu. Bari in zuba su a layin Najeriya. Dama Sudan ba ta da ɗan wasa a cikinmu."

Na kuwa rubuta su a layin Najeriya. Sauran biyun suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ci gaba da zare tiyub, ya nemi ƙofar, ya kankare, ya shafa sholisho, duk bai ce uffan ba. Da muka hau, ya yi gaba shi kaɗai, har Hasahisa ban ga komai nasa ba sai baya.

A Hasahisa dole ta sa muka nemi mai faci, don facinmu na gaggawa ya fara ɗagowa, famfon kuma ya ƙi kama bawul ɗin Badamagare tunda ɗan ƙarfen da yake ɗaurawa a baki ya faɗi a hanya. Su can faci banshar suke ce masa, keke kuma ajala. Muka sami wani dattijo a rumfar buhu, da kwanon ruwa baƙi ƙirin a gabansa. Muka yi sallama da Larabci, ya amsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Samari, ku zauna, kun sha hanya."

Na ga masu faci da yawa a Kano, amma ban taɓa tsayawa na kalli aikin da idon basira ba sai ran nan. Ya ba tiyub iska kaɗan, ya riƙa nutsa shi cikin ruwa taƙi bayan taƙi yana juyawa, har inda kumfa ta fara tasowa a jere kamar carbi. Ya soka tsinken ashana a ƙofar don kada ta ɓace masa. Ya goge, ya kankare wurin har ya yi fari, ya yanko faci ya zagaye gefensa da almakashi, don mai kusurwa shi ke fara ɗagowa. Ya shafa sholisho siriri a duka biyun, sannan ya ajiye su ya ɗauki shayinsa. Badamagare ya ce, "Baba, ba za a manna ba?" Ya ce, "Wannan ne ya kashe ku a hanya. Sai ya sha iska ya daina ƙyalli. Wanda ya manna shi da danshi, gobe zai sake." Da lokaci ya yi ya ɗora, ya bubbuga da ƙotar guduma a kan wani guntun katako. Kafin ya mayar da tiyub kuma sai ya zura yatsu cikin taya ya zagaya a hankali, ya tsaya, ya sa ɗan hantsaki ya zaro kan ƙaya wanda bai kai ƙwayar gero ba. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce in ajiye, shi ne ya ci ni sau biyu.

Ya kuma karanta mana tsofaffin ƙofofin kamar mai karanta allo. Ƙarama guda a bayan tiyub, ƙaya ce. Biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan mai keke ya daki bakin kwalta, ƙarfen wili ya matse tiyub. Wadda ke ta ciki kuwa, kan sufok ne ya leƙo. Ɗan Kumasi ya ce to ashe ɗaya daga na Nijar na jiya ba ƙaya ba ce, su suka ci gida. Dattijon ya tambayi me ake nufi, muka ba shi labarin gasar, ya yi dariya har da tari.

Zancen bawul ne ya tayar da wata gardamar. Namu ni da ɗan Mai Wurno irin na da ne mai 'yar roba a ciki, wanda ake kira na Ingila. Na ɗan Kumasi irin na mota ne, na Amurka. Na Badamagare siriri ne mai ɗan noti a kai, na Faransa. Muka ce masa ga shi nan, har a keke bai rabu da Faransa ba. Ya ce mu yi a hankali, don 'yan gidan Michelin na Faransa ne suka fito da tayar da ake cirewa a yi mata faci a mayar, a 1891, kuma da ita aka ci tseren Faris zuwa Brest da dawowa a wannan shekarar. Ɗan Kumasi ya ce ai kafin nan, a 1888, Dunlop, likitan dabbobi ɗan Sikotilan mazaunin Belfast, ya riga ya yi tayar iska don keken ɗansa. Muna cikin haka dattijon ya ɗauki murfin roba na bawul ɗin Faransan, ya yanke kansa da reza, ya ɗaura shi, ya kafa famfonmu a kai. Iska ta shiga. Ya ce, "Ku da Turawanku. Ga shi nan ya yi."

Duk wannan, ɗan Mai Wurno yana zaune a gefe yana juya fedar kekensa da hannu.

Mun shiga Madani bayan magariba. Muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da burodi, muka tafi bakin kogi muka zauna. Madani na cikin garuruwan da aka buga waccan gasa ta 2011, Badamagare ya so ya tayar da zancen, amma ba wanda ya kama masa. Can sai ɗan Mai Wurno ya kira sunana.

"Malam, abin da ka faɗa da rana, na san da wasa ka faɗa. Amma na sha jin sa daga bakin da ba wasa yake yi ba."

Ya ce ranar da ya je wani ofis neman takardar shaidar ɗan ƙasa, wanda ke gabansa a layi tambaya biyu aka yi masa aka sallame shi. Shi da ya faɗi garinsu da ƙabilarsa, sai aka ce ya koma ya zo da dattijon da zai shaida. Mahaifinsa a Mai Wurno aka haife shi. Kakansa a goye aka shigo da shi. "Ban taɓa ganin Sakkwato ba," ya ce. "Ina sonta kamar yadda mutum ke son kakar da bai tarar ba. Amma in ka cire ni daga layin Sudan, ina ka kai ni? Ku in kun gama karatu kowa zai koma inda ba a tambayarsa. Ni nan ne nawa."

Daga baya na bi diddigin abin. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Mai Wurno kuwa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka iso, yaƙin da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Shekaru kaɗan ne tsakani, amma sun isa su bar al'umma guda a bakin ƙofa. An sassauta dokar daga baya, sai dai abin da ya zauna a zukatan mutane bai bi ta ya sassauta ba. A 2022, lokacin da aka yi ta kashe-kashe a jihar Nilul Azraƙ tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, kalmar da aka riƙa jifansu da ita ita ce baƙi. Da na ji labarin, maganata ta bakin ruwa ce ta fara faɗo mini.

Ɗan Kumasi ne ya katse shirun a daren nan. Ya ce shi ma gidansu an san wannan. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, rabin gidan kakansa suka kwashe suka nufi Najeriya, ƙasar da wasunsu ba su taɓa takawa ba. A 1983 kuma Najeriya ta kori nata baƙin, 'yan Ghana kusan miliyan guda suka kama hanya. Ya faɗa ba tare da ya dube ni ba, ba kuma don ya ci ni ƙwallo ba.

Na ba ɗan Mai Wurno haƙuri. Na fito da littafi a hasken waya, na soke biyun nan daga layin Najeriya, na mayar da su inda suke. Ya karɓa ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "To, yanzu wasa ya dawo."

Ya kuwa dawo, har ya fi da. A ganina wasan ƙasa da ƙasa irin wasan Kanawa da Zazzagawa ne, ko na Fulani da Barebari. Ana yin sa ne da wanda aka yarda yana da gidansa. Ka ce wa mutum ƙasarku ba ta iya ƙwallo ba, ƙayarku ta yi yawa, titinku siriri ne, duk zai rama yana dariya, don a cikin tsokanar ka riga ka ba shi ƙasar. Ni abin da na yi shi ne na karɓe ta, ina ganin alheri nake yi.

Rana ta uku ba abin faɗi da yawa. Muka bi ta Haj Abdalla muka kwana a Wad Haddad, a ɗakin baƙin wani masallaci. An ci Ghana biyu, ɗan Kumasi ya ce alƙalin wasa ne, an ci Sudan ɗaya, Nijar ɗaya. Duk wannan hanya da nake lissafawa yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bi ta kanta. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar wannan shekarar, sojoji ba su karɓe ta ba sai Janairun 2025. Ina yawan tuna mai shayin Kamlin da dattijon Hasahisa, ina roƙon Allah ya sa suna cikin waɗanda suka tsira.

Rana ta huɗu da hantsi muka isa Sinnar, tsohuwar hedikwatar sarakunan Funj. Muka tura kekuna muka je muka ga madatsar, doguwar katangar dutse kusan kilomita 3, da bakin babbar hanyar ruwan da muka kwana biyu muna bin 'ya'yanta. Masunta suna ƙasa cikin kwale-kwale, ɗan Mai Wurno ya ce da yawansu Hausawa ne. A bakin garin tayarsa ta gaba ta sake kwanciya. Lissafi ya zama Nijar 4, Sudan 4, Najeriya 3, Ghana 3. Daga nan kowa ya riƙa tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Badamagare in ya ji ƙaho sai ya tsaya cak ya ɗaga kekensa a kafaɗa ya sauka gefe.

Da la'asar muka shiga Mai Wurno ba a ƙara cin kowa ba. Yara suka biyo mu a guje, wannan na magana da Fillanci, wancan da Hausa, wani da Larabci, wani ya haɗa duka a jimla ɗaya. Garin yana da sarkinsa har yau, daga zuriyar wanda ya kafa shi. Muka jingine kekuna a jikin katangar gidan su ɗan Mai Wurno, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa da zoɓo mai sanyi. Mahaifinsa ya fito, muka durƙusa muka gaishe shi, ya yi ta sa mana albarka yana mamakin wai daga Hartum a kan ajala. Muka yanke cewa an yi kunnen doki, Nijar da Sudan za su raba kuɗin agashe.

Bayan magariba sai ƙaninsa ya leƙo ya ce, "Yaya, tayar ajalarka ta baya ta kwanta."

Aka kawo fitila da kwanon ruwa. Ya zare tiyub ya nutsa shi taƙi bayan taƙi kamar yadda dattijon ya yi. Sai da ya kusa zagayowa sannan muka ga kumfa, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, da jinkiri. Ya zura yatsu cikin taya ya zaro kan tsidau.

Badamagare ya ce, "Wannan ba ta shiga lissafi. An riga an tashi wasa, a jingine ta sace." Ɗan Kumasi ya ce haka ne, ba a cin ƙwallo bayan an hura usur. Ni ma na rufe littafin.

"Ƙayar a hanya ta shiga ko a jingine?" ɗan Mai Wurno ya tambaya.

Muka ce a hanya.

"Keken wa?"

Muka ce nasa.

"To, buɗe ka rubuta. Sudan biyar."

Na buɗe na rubuta. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ba ƙaninsa, ya ce ya ruga wurin mai agashe na bakin kasuwa kafin ya tashi, ya ce masa na mutum huɗu, kuma a ƙara yaji. Sannan ya jawo samfefa ya fara kankare wurin facin, mahaifinsa na riƙe masa fitila.